Karafan ɗin Ammu Haruna a Hanyar Tabuka

Ban taɓa mantawa da safiyar da wayata ta yi ƙara ina fitowa daga sallar asuba ba, na ɗaga na ji muryar Ammu Haruna tana rawa. Tunda mudir, shugaban kamfani, ya ce in yi muku magana kafin ku tafi koyon motocin lantarkin da kamfani ya sayo, wannan labarin na zaɓa. Na san wasunku sun ɗauka zan zauna in yi ta yabon dizal ina kushe batir har shayi ya huce. Ku kwantar da hankalinku. Yau kaina zan kai ƙara.

Ga waɗanda suka zo kwanan nan, sunana Bashir. A unguwar Hindawiyya nan Makka aka haife ni, kakana ne ya taso daga ƙasar Kano ya zo aikin Hajji, bai koma ba. A wannan warsha, wato garejin nan, na fara da wanke ƙarafa da kananzir, na zama makaniki, daga baya aka ba ni shugabancin ɓangaren dizal, shi ne kuke ji ana ce mini Mu'allim. Aikin mu'allim ba ɗaure noti ba ne kawai. Duk bas ɗin alhazai da zai fita daga ƙofar nan, sai mu'allim ya sa hannu a takardar fahas, wato ya shaida cewa an duba motar kuma za ta kai mutane lafiya. Akwai kuma wani fahas ɗin da ba shi da takarda. Maƙwabci ko ɗan'uwa zai sayi mota, sai ya zo ya ce ka raka shi ka duba masa. Wannan ya fi na kamfani nauyi, domin bakinka ne takardar. Ba yabon kai ba, a unguwarmu in na ce mota ta yi, ba a sake tambayar kowa.

Ammu Haruna abokin mahaifina ne, a nan kuwa Ammu, wato baffa, muke ce wa duk wanda ya girme mu. Ya yi rayuwarsa yana jan bas tsakanin Makka da Madina, har ya san kowane tudu da kowace kwana kamar tsakar gidansa. Da aka rushe gefen da suke a unguwar Nakkasa, sai ya koma wani bene a bayan gari shi da matarsa Rabi, wadda muke ce wa Khala, wato inna. Khala tana fama da ciwon baya wanda ba ya barinta ta zauna fiye da ɗan lokaci, sai dai ta kwanta. Jirgi kuwa ta rantse ba ta shiga, kuma duk wanda ya san Khala ya san ba a ja da rantsuwarta. 'Yarsu ɗaya mace, Samira, aure ya kai ta Tabuka, can arewa, ga shi tana ɗauke da cikin fari. A al'adarmu, ko mun yi shekara ɗari a Hijaz, haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Likita ya hana Samira tafiya mai nisa, don haka sai uwar ta je. Abin da Khala take so a duniya a lokacin guda ɗaya ne, ta ɗora hannu a kan 'yarta ta yi mata addu'a kafin naƙuda ta yi tsanani.

Dabarar da Ammu ya yi ita ce ya sayi karafan, irin motar nan mai ɗaki a baya, da gado da murhu da ɗan banɗaki. Khala ta kwanta, shi ya ja. Ya samo wata tsohuwar karafan mai injin dizal wadda mai ita yake neman kai da ita, don a lokacin mutane sun fara tsoron kada a wayi gari dizal ya zama abin da ba mai saye. Ran nan bayan la'asar sai ga shi a ofishina tare da ɗansa Majid. Majid injiniya ne a Jidda, a wani kamfani mai kafa wuraren cajin mota, kuma shi kansa motar lantarki yake hawa. Tun a mota suke gardama, suka shigo da ita har gabana.

Majid ya ce motar ta kusa sa'arsa, kayan gyaranta kullum ƙara wuya suke yi, kuma nan da 'yan shekaru sai dai a sayar da ita a kilo. Ya ce shi zai ba su tasa, a kwantar da kujerar gaba. Ammu ya tambaye shi a ina za su yi caji bayan sun wuce Madina. Majid ya ce ana nan ana kafawa. Tsohon ya dube ni.

"Ka ji ko, ya Bashir? Ana nan ana kafawa. Jaririn zai jira su gama?"

Na goyi bayan Ammu, kuma har gobe ina kan bakana. Mutum mai shekara saba'in da mara lafiya a bayansa, a hanyar da za ka yi tafiya mai tsawo ba ka ga gari ba, abin da yake bukata mota ce mai gado da tanki, wadda kowane makaniki na bakin hanya zai iya buɗewa. Na ce wa Majid da tsohuwar zuma ake magani. Ya yi murmushi, ya ce tayyib, ya yarda, amma a duba ta sosai.

Muka sa ranar Asabar. Sharaɗina na farko ga mai motar shi ne kada kowa ya tayar da ita kafin in iso. Ku riƙe wannan. Injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye rabin laifinsa, shi ya sa masu sayarwa suke son ka tarar da mota tana aiki. Da na isa na ɗora tafin hannu a kan injin na tabbatar ba a taɓa shi ba. Na zaro ma'aunin mai na murza a yatsa, na shinshina. Na buɗe murfin lagireto na duba ko mai ya gauraya da ruwa. Sannan na ce a murɗa makulli, ni kuma na tsaya a bayan salansa ina kallon hayaƙi. Murɗawa ɗaya ta tashi, hayaƙin ya ɗan yi duhu ya washe. Na auna ƙarfin kowace silinda, na shiga ƙarƙashi da fitila na bi shasi, wato ƙashin motar, ina neman tsatsa ko walda, na hau rufi na duba ko ruwa ya taɓa shiga. Na karanta shekarar tayoyi, na gwada lambar shasi da ta istimara, wato takardar mallakar mota. Na sami laifi uku: tayoyin sun tsufa duk da zanensu bai cinye ba, tiyon birki ɗaya ya tsage, tiyon gas na murhu ya bushe. Na ce duka a canza.

Bayan haka na yi mata jarrabawar da nake alfahari da ita. Da rana tsaka na kunna mukayyif, na'urar sanyaya mota, har ƙarshe, na hau da ita dutsen hanyar Ɗa'ifa. Duk motar da ke da ciwon zafi a nan take fallasa kanta. Allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba, muka sauko birki bai yi wari ba. A kan mukayyif kaɗai na ɓata kusan awa guda, domin ina tunanin Khala kwance a cikin akwatin ƙarfe.

Muna tsaye ina wanke hannu, Majid ya matso kusa da ni.

"Ammu Bashir, sanyi fa? Mu a wajenmu batir ba ya son sanyi. Dizal ba ruwansa?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na tambaye shi ko Turai iyayensa za su. Ya ce Samira ta gaya masa Tabuka akan yi sanyi marra, wato sosai, har ruwa yakan daskare a wasu wurare. Na ce masa ni ina gyaran dizal tun yana rarrafe, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Na juya wajen Ammu na ce ya saya, in ta tsaya masa a hanya ya zo ya kama ni.

To ga abin da idona ya gani a ranar, na wuce shi. Tiyo biyun da ke kai ruwan zafi ga hitar cikin mota an cire su, an haɗa bakinsu da juna. Na gani, har na ji daɗi, domin aikinmu ne na makanikan Makka. Da hita ta fara ɗigo, ba ma gyara ta, yanke ta muke yi mu huta. Wa zai kunna hita a Makka? Ni da nake gabanku, har zuwa lokacin ban taɓa murɗa maɓallinta a motata ba. Na biyu kuma, tsofaffin injinan dizal suna da wasu ƙananan fulogai da muke kira sakkanat, aikinsu su ɗumama cikin silinda kafin a tayar da mota. In ka murɗa makulli rabi, wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa takan kama a gaban direba, ka jira ta mutu sannan ka tayar. A wannan motar fitilar ba ta kama ba. Na ce a raina ƙwan ne ya ƙone. A garin nan ko duk fulogan sun mutu mota za ta tashi, saboda iskar gari ma ta ishe ta ɗumi. Rabin motocin da ke yawo a Hindawiyya haka suke, masu su ba su ma sani ba.

Suka tashi cikin watan Rajab, wanda a shekarar ya faɗo tsakiyar sanyi, saura kusan mako biyu a lissafin likita. Suka yi kwana biyu a Madina suna ziyara. Khala ta aiko mini da saƙon murya tana sa mini albarka, ta ce tun da ciwon nan ya kama ta ba ta yi tafiya mai daɗi irin wannan ba. Na kunna wa matata saƙon har sau biyu. Daga Madina suka kama hanyar arewa. Ammu ya daina tuƙi bayan faɗuwar rana tun da idonsa ya yi rauni, don haka da magariba ta kawo jiki sai ya faka a wani fili kusa da ɗan masallacin matafiya tsakanin Haibar da Taima, suka kwana.

Washegari ne ya kira ni. Mijin Samira ya buga musu da asuba cewa naƙuda ta taso tun kwananta bai cika ba, suna asibiti, kuma likita na maganar ƙila sai an yi aiki. Tsakaninsu da Tabuka tafiyar awa uku ce da ɗoriya. In da sun tashi a lokacin, da hantsi suna can. Ammu ya murɗa makulli, injin ya yi ta juyi yana fitar da farin hayaƙi, ya ƙi kamawa.

"Ya Bashir, tana juyawa ba ta tashi. Yatsuna ma ba na jin su."

Na ce ya cire hannu daga makulli kada batir ya ƙare. Na tambaye shi ko 'yar fitila mai ruwan ɗorawa tana kamawa. Ya ce tun da ya sayi motar bai taɓa ganinta ba. A nan na zauna a kan dakalin masallaci. Ba sai an gaya mini ba, na san ciwon, na kuma san wanda ya bar shi ya wuce. Ina jin Khala daga baya tana salati haƙoranta na haɗuwa, ga hita babu. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba.

Amma kunya ba ta tayar da mota. Na ce Ammu ya kunna murhu ya ɗora ruwa a tukunya mafi girma da suke da ita. In ya tafasa, ya riƙa zubawa a hankali a kan injin da bututun da iska ke shiga, ya kauce wa wayoyi. Ya yi tukunya uku. Muka gwada, ta yi kamar za ta kama, ta yi tari sau biyu, sai batir ya mutu. Khala ta ce a tsayar da kowace mota ta hau, ko a zaune ne. Ammu ya hana, domin ya san kafin awa guda sai an sauke ta a wani asibitin. Suka yi cacar baki ina ji a waya.

Ana cikin haka Majid ya kira ni. Na ɗaga ina jiran abin da na cancanta.

"Ammu Bashir, gaya mini abin da ake bukata, ni in nemo."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na ce batir mai ƙarfi da wayar jona shi, da kuma rana. Ashe kamfaninsu ya taɓa aika shi auna wani gidan mai a wannan hanyar, yana da lambar mai kula da wurin. Ya kira mutumin, mutumin ya ce zai zo da babbar motarsa, amma sai wanda zai karɓe shi aiki ya iso. Muka yi ta jira. Na ce Ammu ya buɗe bonet rana ta bugi injin, ya ci gaba da ɗora ruwa. Kowane minti goma nakan kira, har matata ta ajiye mini karin kumallo ta ɗauke ban taɓa ba. Na buga wa mudir na ce ba zan shigo da wuri ba. Ya tambayi dalili, na gaya masa gaskiya, ya ce in zauna da wayata har sai motar ta tashi.

Mutumin ya iso ana kiran azahar. Aka jona batir, aka ƙara ruwan zafi, na ce a murɗa kada a saki. Ta waya na ji injin ya kama, irin ƙarar nan da na sani tun ina saurayi. Tun daga nan har Tabuka ba ta sake ko tari ba, kuma tsohon bai kashe ta ba ko da ya tsaya salla.

Sai dai an shiga da Samira ɗakin aiki tun kafin rana ta take. Ta yi ta roƙon a jira Ummi, wato mahaifiyarta, likita ya ce ba a jira da irin wannan. Khala ta yi mata addu'a ta waya, tana kwance a gefen hanya cikin bargo uku. Allah Ya sauke ta lafiya, aka sami 'ya mace. Iyayen suka isa bayan la'asar.

Na ɗauki hutun kwana uku, na sayi fulogai huɗu da tiyo da sabuwar hita, na hau bas zuwa Tabuka. A ƙofar gidan mijin Samira na yi aikin, ana gobe suna. Na auna tsofaffin fulogan, duka huɗun matattu ne, abin da ke kunna su ma ya ƙone. Aikin da bai fi rabin awa ba in da na duba tun a Makka. A ranar na fara sanin yadda sifana ke cizon hannu in ƙarfe ya yi sanyi. Majid ya tsaya yana riƙe mini fitila. Na ce masa ya yi tambaya mai kyau na ba shi amsar banza. Ya ce ma'alesh, ba komai, shi ma da an bi tasa da har yanzu suna Madina suna neman soket. Muka yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Ammu kuwa duk wanda ya tambaye shi abin da ya tsayar da su, sai ya ce sanyi ne da ƙaddara. Bai taɓa ambaton sunana ba. Wannan ya fi zagi yi mini ciwo, don haka da na gama na wanke hannu na nemi iso wajen Khala. Na same ta a kishingiɗe, jaririyar na gefenta. Na durƙusa na gaya mata komai, har da tambayar Majid da dariyar da na yi masa. Ta saurare ni har na gama.

"Na yafe maka, ya waladi, ɗana, duniya da lahira. Motarka ta kawo ni, ga ni ga jikata. Amma 'yata ta kira ni ban zo ba. Wannan ka riƙe shi, kada ka yar."

Na riƙe. Karafan ɗin tana nan har yau, ta je Tabuka ta dawo ba sau ɗaya ba, kuma in wani dattijo ya zo mini gobe da irin bukatar Ammu, zan sake ce masa ya sayi tsohuwar dizal ba tare da na yi ɗar ba. Injin bai yi laifi ba. Ni ne na duba mota kamar a Makka za ta ƙare rayuwarta, don a Makka na ƙare tawa. Mu makanikan garin nan gwanaye ne a kan zafi, duk duniya ba na jin akwai wanda ya fi mu, kuma wannan gwanintar ce ta rufe mini ido.

Shi ya sa kuke ganin layin nan biyu da na sa aka ƙara a saman takardar fahas, waɗanda wasunku ke tsallakewa suna cewa Mu'allim ya cika fi'ili: ina motar za ta, kuma wa za ta ɗauka. Ku tafi ku koyi lantarki, ku koye shi da kyau, don aikin gobe ne, kuma zan zo in zauna a gabanku ku koya mini. Amma ko da me mota take tafiya, kafin ku buɗe bonet ku yi wa mai ita waɗannan tambayoyi biyu. In kuma wanda bai kai ku ba ya tambaye ku abin da ba ku taɓa tunani ba, ku duba tukuna, dariyar ta jira. Ni na yi tawa da wuri, kuma wata uwa ce ta wuni a gefen hanya saboda ita.